Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Makullin Kwamfuta Ba Ya Bin Fayil Zuwa Kan Faifai

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwanmu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, daga ranar Litinin mai zuwa za mu sauya yadda muke ɗora muku takardu a faifan CD da DVD a shagonmu da ke Ƙofar Ƙaura.

Kwanakin baya wani dattijo ya kawo mana faifai mai ɗauke da takardun filayensa da hoton katinsa na NIN. Ya ce mana hankalinsa kwance yake, domin ɗansa ya kulle fayilolin a kwamfuta tun kafin a kwafe su. Muka saka faifan a tamu kwamfutar, komai ya buɗe, ko tambaya ba ta yi mana ba. Alhaji ya yi shiru, ya ce ashe ƙofar zana ya daɗe yana gadi.

Yaron bai yi ƙarya ba. Windows na da makulli mai suna EFS, wanda ke sa ɗan hoton kwaɗo a jikin fayil, a tsohuwar Windows 7 kuwa sunan fayil ɗin ne ke komawa kore. Sai dai wannan makulli a kan tsarin ajiyar fayil na cikin kwamfuta mai suna NTFS yake aiki, faifai kuma nasa tsarin daban ne. Da an kwafi fayil zuwa faifai, makullin yana nan gida, fayil ya fita tsirara. Shi ma BitLocker, da ke kulle kwamfuta da filashi, bai san da zaman CD ba. Abin da ya fi damunmu shi ne faifan CD-R ba ya goguwa. Abin da ya hau ya hau, sai dai a karya faifan.

Saboda haka za mu riƙa tattara fayilolinku cikin ƙunshi ɗaya da manhajar 7-Zip, mu kulle shi da kalmar sirri ta tsarin kullewa na AES-256, har sunayen fayilolin mu ɓoye, sannan mu ɗora ƙunshin a faifai. Manhajar kyauta ce, kuma ba mu ƙara ko kwabo a kuɗin aiki ba. CD na ɗaukar megabayit 700, DVD gigabayit 4.7, wanda nasa ya fi haka mu raba masa ƙunshin gida-gida. Hotunan biki da karatun malamai ba mu kulle su sai mai su ya nema, domin na'urar kallo ta falo ba ta buɗe kullallen faifai.

Kalmar sirri ku za ku buga da hannunku, yaronmu zai kau da kai. Ba mu riƙe ta, ba mu rubuta ta. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗora mana nauyin tsare bayananku, amma tun kafin doka amana ce. Wanda ya manta kalmarsa kuma, don Allah ya yi mana uzuri, ba mu da hanyar buɗewa, ko wanda ya ƙirƙiri manhajar ba shi da ita. Ku zaɓi jimla doguwa da ku kaɗai kuka sani, ban da lambar waya, ban da shekarar haihuwa, ban da sunan auta. Kuma kada a rubuta ta da maka a bayan faifan. Mun ga masu yin haka, har da ma'aikatan ofis.

Duk faifai sai mun gwada buɗe shi a gabanku kafin ku tafi. In kun tafi da shi, kada a bar shi a mota cikin ranar Afrilun Katsina, zafi na lalata shi.

Mai tsohon faifai da ke ɗauke da takardun banki, na gado ko na asibiti ya kawo mu sake masa kullalle, tsohon mu karya shi a kan idonsa.

Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Mai shago da yaran shago,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.