A Kai Aduwa Da Kanya Ɗakin Gwaje-Gwaje Su Ma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan itatuwan da muke cin 'ya'yansu muke kuma magani da su, waɗanda gatarin masu gawayi ke neman ƙararwa.

Masana na da dabarar renon tsiro a cikin kwalba. Ana yanko tsinin toho ɗan mitsitsi, a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗora shi kan wani abinci mai kauri da aka haɗa da sukari, ma'adinai da sinadaran da ke sa girma. Haɗin da aka fi amfani da shi tun 1962 wasu masana biyu, Murashige da Skoog, suka fitar da shi. Toho ɗaya zai yi 'ya'ya, a rarraba su a sabbin kwalabe, su ma su hayayyafa, har a samu dubbai, kowanne sak uwarsa. Da wannan hanya cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ke yaɗa ayaba, ƙasashen Larabawa kuma dabino.

To, ina aduwa, ina kanya, ina ɗinya da goruba? Kowane ƙauye an san wata aduwa da ta fi saura zaƙi, wadda tsofaffi ke aiken yara su tsinto idan ciki ya ɗaure. Ka shuka ƙwallonta, ba lallai ta gado uwar ba. Kanya da goruba kuwa akwai namiji akwai mace, sai ka yi shekaru kana ban ruwa kafin ka gane namiji ka rena. Shi ya sa ba mai dasa su, sara kawai ake yi.

Aikin ba sauƙi gare shi ba. Yankan itace kan fitar da wani ruwa mai duhu da ke kashe tohon, ɗakin na son wutar da ba ta ɗaukewa, tsiron da ya fito daga kwalba kuma sai an lallaɓa shi a inuwa kafin ya iya ranar Arewa. Kada kuma a dogara da uwa ɗaya, don cutar da ta kama ɗaya za ta kama duka.

Ina roƙon Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da tashar binciken dabino ta Dutse su shiga ƙauyuka, su tambayi masu maganin gargajiya itatuwan da suka fi inganci, su ɗebo tohonsu tun suna tsaye. Kai kuma ka tura wakilinka ya ji ta bakinsu.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku daga Kazaure