Godiya ga ma'aikatan Gandun Dajin Yanchep

Zuwa ga ma'aikatan Gandun Dajin Yanchep, Yammacin Ostireliya,

Sannunku da aiki. Na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne, domin abin da kuka yi wa mahaifiyata ya wuce godiyar bakin ƙofa.

Hajiya ta zo Perth ganin jikokinta. Tun da ta ga hoton kowala, wata dabbar Ostireliya mai zama a kan itace, a littafin makarantar 'yata, ta ce sai ta ga dabbar nan ido da ido kafin ta koma Kano. Da farko na kai ta wani wurin kallon dabbobi na 'yan kasuwa, ba sai na kira suna ba. Muka biya kuɗi masu kauri, muka tsaya layi cikin rana kusan awa guda, ga ta da ciwon gwiwa, babu ko bencin zama. Da layi ya zo kanmu, wani matashi ne yana duba agogo yana kora mu gaba. Tambaya ɗaya tak Hajiya ta yi, kafin in gama fassara masa ya ba mu baya. A mota ba ta ce komai ba sai "Allah ya kyauta". Duk wanda ya san ta ya san ranta ya ɓaci, ni kuwa kunya ta hana ni barci.

Shi ya sa na kamo hanyar Yanchep, wajen kilomita 50 arewa da Perth, jikina a sanyaye. Muka biya kuɗin shiga na mota, muka wuce kangaru suna kiwo a fili, muka hau gadar katakon nan mai tsawon mita 240 da ta ratsa ƙarƙashin itatuwan kowala. Muka ɗaga kai har wuya ya gaji, ba mu ga komai ba.

Nan wata ma'aikaciyarku mai furfura ta lura da mu. Da ta ga yadda Hajiya ke ɗingishi sai ta rage tafiya, ta nuna mata wurin da za ta jingina, sannan ta miƙa yatsa can tsakanin rassa biyu. Ashe ga shi nan a dunƙule, launin toka, ya rungume reshe yana sharar barci. Ta ce kowala kan yi barcin awa 18 zuwa 20 a rana, saboda ganyen da yake ci ba shi da ƙarfin abinci, ga wuyar narkewa. Ta nuna mana hannunsa mai babban yatsa biyu, ta ce ana haihuwar ɗansa bai fi ƙwayar wake ba, yakan yi kamar wata shida cikin jakar cikin uwarsa. Duk jimlar da ta faɗa sai ta dakata in fassara, kuma Hajiya take kallo, ba ni ba. Wannan ne ya fi taɓa ni.

Sai ta ɗauki ganye guda daga ƙasa, ta murza, ta miƙa mata. Hajiya na shinshinawa ta ce, "Kai, ai turare ne! Wanda muke surace da shi in mura ta kama mu." Da na gaya mata asalin itacen daga ƙasar nan ne, suka yi ta dariya su biyu. Matar ta bayyana cewa kowala ba 'yan asalin wannan jiha ba ne, tun 1938 ake riƙonsu a Yanchep, kuma a 2022 gwamnatin Ostireliya ta sa na jihohin Kwinsland da New South Wales da yankin Kanbera cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, bayan gobarar dajin 2019 zuwa 2020 da saran itatuwa. Da la'asar ta yi, ita ta nuna mana inuwa mai tsafta inda Hajiya ta shimfiɗa darduma.

Ofis nawa na shiga, nan da gida, inda tsoho zai yi sallama ba a ko ɗago kai ba? Gidan namun daji nawa na ga dabba ta rame a keji, kwanon ruwanta a bushe, mai gadi kuwa kuɗin hoto kawai yake nema? Abin ya yi yawa har mun daina ƙorafi.

Don Allah ku isar da gaisuwarmu ga baiwar Allahn nan. Hajiya ta koma gida lafiya, kuma ta sa ta cikin addu'a.

Naku,
Wani Bakano mazaunin Perth