Bitrus, je ka gaida mini Gwaggo Asabe

Bitrus mutumina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Jos, yaya sanyi, yaya Maman Dauda da yara? Na ga saƙonka tun watan jiya, har da wanda ka biyo da shi kana tambaya ko Turawa sun sace ni ne. Ba wanda ya sace ni, wa zai ɗauki kaya irina. Karatu ne ya danne ni, kuma abin da nake son gaya maka ya fi ƙarfin saƙon waya, wanda na san kana tuƙi kake karantawa. Maganar auren Ladi da ka tambaya, ko zan samu zuwa, zan zo kanta. Bari in fara sauke abin da ke cina.

Malamina ya yarda in sauya batun bincikena. Na ajiye sitacin rogon nan da ya kusa tsufar da ni, na koma kan burukutu. E, burukutu, ba ka yi kuskuren karatu ba. Gama dariyarka tukuna, ina jira. In ka gama, ka yi wa Allah kada maganar nan ta kai kunnen Mama, domin in ta ji cewa giya aka turo ni karanta a Beljiyam, zumuntar mata gaba ɗaya za su shiga azumi a kaina.

Ga yadda aka yi. Ka san nan Leuven garin giya ne, nan ake yin Stella Artois, kuma nan hedikwatar kamfanin da ya mallake ta take. In iska ta juyo daga wajen tashar jirgin ƙasa, ƙamshin dafaffen tsiro har cikin ɗaki. Amma 'yan ɗakin bincikenmu ba sa ko kallon Stella, wai ta 'yan yawon buɗe ido ce da ɗalibai 'yan shekarar farko. Duk ranar Alhamis in an tashi sai su ja ni wata ƙaramar mashaya, a kawo takardar sunayen giya mai kauri, kowa ya zaɓi tasa daban, a riƙa miƙa wa juna ana kurɓa ana gardama. Ba shan a bugu ba ne irin na su Markus. Mutum zai zauna da kwalba ɗaya fiye da awa guda, yana shinshinawa, yana ɗaga kofin yana duba launi. Kowace giya kuma da kofinta, in aka zuba maka a wanda ba nata ba, mai shagon har haƙuri zai ba ka.

Na fara da farar giyarsu ta alkama, Hoegaarden, wadda ake sa wa ɓawon lemu da wani ɗan kayan ƙamshi. Ba laifi, tana da sauƙi, amma ba ta riƙe ni ba. Duvel kuwa munafuka ce: fara tas, kumfa har ta fi rabin kofi, ta shige maka salin-alin, alhali ƙarfinta kashi 8.5 cikin 100 ne. Sai ka miƙe tsaye kake sanin ta yi aikinta. Akwai kuma waɗanda samarin yanzu ke dafawa a ƙananan wurare, irin salon Amurka da suke kira IPA, waɗanda ake cika wa furen wata shuka mai suna hop har ɗaci ya hana ka jin komai. Wani ɗan ajinmu yana rantsuwa yana jin mangwaro da abarba a ciki. Ni dai maɗaci na ji, na kuma gaya masa.

Waɗanda suka sa na fara nutsuwa su ne na sufayen Katolika, 'yan Trappist. Kai da kake cewa ɗarikarmu ce kawai ta san tsoron Allah, zo ka ga masu ibada da suka yi sallama da duniya suna dafa giya a cikin gidan sufanci. Ƙa'idarsu ita ce a yi ta a cikin harabar gidan, a ƙarƙashin kulawar sufayen, ribar kuma ta tafi ga hidimar gidan da taimakon mabukata. Westmalle Tripel, mai kashi 9.5, ita ce ta fi kwanta mini a cikin masu haske, ba zaƙi mai gundura, ɗacinta daidai. Rochefort 10 baƙa ce mai nauyi, ta haura kashi 11, tana ɗanɗanon dabino da ƙonannen sukari, ta daren hunturu ce, kuma ɗaya ta ishe ka. Orval ita ce mai rikici. Akwai wani yis na daji, wato ƙwayar da ke sa giya ta tashi, da suke sa mata wanda ke ci gaba da aiki a cikin kwalba, saboda haka ta wata uku daban, ta shekara biyu daban, har akwai mashayar da za a tambaye ka sabuwa kake so ko tsohuwa. Westvleteren da ake ta kururutawa ban samu ba tukuna. Sai ka yi rajista ta intanet, a ba ka rana, ka je gidan sufayen da kanka ka ɗauka, su kuma roƙe ka kada ka sayar wa wani. In Markus ne, kafin ya kai bakin titi ya sayar.

Af, na ji wai Markus ya zama dattijon ikilisiya? Markus ɗin da muka sani? Wanda ya kwana a cikin kwalbati daren bikin Istifanus? Lallai Ubangiji mai jinƙai ne. Ka gaishe shi, ka ce masa kuɗina na nan ina lissafi, dattijantaka ba ta goge bashi.

To, in koma. Wata Asabar malamin namu ya kwashe mu zuwa Brussels, unguwar Anderlecht, wani tsohon gidan giya mai suna Cantillon da iyali ɗaya ke riƙe da shi tun 1900. Daga waje ba ka ce komai ba, sai ka ɗauka ma'ajiyar kaya ce. Ciki duhu, sanyi, warin tsami da jiƙaƙƙen katako, ganguna jere har bango. Yanar gizo-gizo ko'ina, kuma ba sa sharewa da gangan, domin gizo-gizon ne ke kama ƙananan ƙudajen da ke bin zaƙi. Muka hau wani matsattsen tsani zuwa can ƙarƙashin rufi. A nan akwai wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe, ya kusa cika ɗakin, zurfinsa bai kai gwiwa ba. In sun gama dafa ruwan tsiron sha'ir da alkama, a nan suke juye shi da zafinsa, su bar iska ta shigo ta kafofin rufin, ya kwana a buɗe. Ba sa zuba yis ko ƙwaya ɗaya. Abin da iska ta kawo da abin da ke zaune a jikin gangunan, shi ke yin aikin. Shi ya sa ba sa dafawa sai lokacin sanyi, daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu, don in da zafi ƙwayoyin da ba a so su ke rinjaye. Wannan ita ce lambic. Sai ta yi shekara ɗaya, biyu, har uku a ganga, sannan a gauraya tsohuwa da sabuwa a ɗura a kwalba, ta sake tashi a ciki, ta zama abin da suke kira gueuze.

Aka zuba mini. Bitrus, kurɓar farko na tsaya cak. Tsamin nan mai kama gefen harshe, da ɗan baurin da ke biyo baya, da warin rumbu. Na ce wa malamina na san wannan abin, da shi na tashi. Ya yi murmushi irin na wanda ya ɗauka ina son in burge shi. Sai na shiga ba shi labarin yadda Gwaggo Asabe ke yi: ta jiƙa jar dawa, ta baza ta a rufe da ganye tana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, ta shanya, a kai niƙa, ta dama, ta dafa a manyan tukwanen nan na bayan gida, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa, in ya huce ta zuba ɗan ragowar na baya don ya tashi. Kusan mako guda tana fama da hayaƙi. Mutumin nan ya ajiye kofinsa, ya zaro biro, ya fara rubutu a bayan takardar shiga. Wata 'yar Burkina Faso da ke tare da mu ta ce ai haka ake dolo a garinsu, ɗan Kamaru ya ce bili-bili ke nan, muka taru muka hana Turawa magana har muka fito.

Ba ina cewa abu ɗaya ba ne, kada ka je ka ce na ce. Burukutu mai kauri ce, ana shan ta tana kan tashi, rabinta abinci ne, shi ya sa manomi zai sha ƙwarya biyu ya koma kunya. Gueuze kuwa tatacciya ce, siririya, mai ƙyalli. Babban bambancin shi ne ita tana shekaru a kwalba tana ƙara kyau, tamu kuwa in ta kwana biyu zuwa uku ta zama ruwan tsami, sai a zubar ko a ba aladu. Su suna dafa tasu da tsohon furen hop da ya rasa ɗacinsa amma yana hana ta lalacewa, sannan suna toshe ta daga iska. Tamu a buɗe take a randa, ana tsoma ƙwarya ana fitarwa, ƙwayoyin da ke mayar da giya ruwan tsami suna samun yadda suke so. Abin da zan bincika ke nan: waɗanne ƙwayoyi ne ke cikin ragowar da mata ke ajiyewa, wanne ke kawo daɗin, wanne ke kawo ɓacin, kuma ko akwai hanyar da za ta yi wata guda ba tare da an kashe ɗanɗanonta ba.

Abin da ke ba ni haushi, a shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon duniya. Kuɗin da na biya kwalbar gueuze ɗaya a mashaya ba zan rubuta shi a nan ba, don kada ka fasa tausaya mini. Mu kuwa matar da ta iya wannan aikin, sunanta mai burukutu, ba a ko son a ce 'yar'uwarka ce. Alhali da kuɗin tukwanen nan Gwaggo ta biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare, kai shaida ne, kai ka raka ni karɓowa, a ƙulle a bakin zane. Kuma dawar da ake rainawa, ai ita ta ceci manyan kamfanonin giyar Najeriya. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawa da masara suka koma, har da irin da aka fitar a Samaru, can inda muka yi ta gararamba muna cin bashin Mama mai shinkafa. Guinness ɗin da kake sha a ɓoye a Bukuru, wadda ake yi a Ikeja tun farkon shekarun 1960, akwai dawa a cikinta. Kada ka musa, Rahila ta gaya mini ta gan ka.

Na san abin da za ka ce, kuma ban ƙi ba. Na ga abin da shaye-shaye ya yi wa Kawu Ishaku, na ga gonarsa yadda ta tafi. Amma ka tuna ba burukutun Gwaggo ce ta gama da shi ba, sai da ya koma wa ogogoro da 'yan ƙananan ledojin nan masu arha. Nan ma akwai masu shaye-shaye da ke kwana a bakin tasha, ba wai Turawa sun fi mu hankali ba ne. Maƙwabcina a masauki, wani Bazindire mai karatun noma, ko kusa da kwalba ba ya zuwa, har kofunansa ya ware a kicin, amma da na ba shi labarin binciken sai ya ce in na gano yadda za a hana ta saurin lalacewa, in taimaka in duba masa kunun zaƙi da fura, su ma ciwonsu ke nan. Mutumin kirki ne, shi ke ba ni yaji in nawa ya ƙare.

Yanzu ga inda kake shigowa, kuma nan ne hankalina bai kwanta ba. Hannatu ta ce mini Gwaggo ta rage dafawa tun bara, wai ƙafa na damunta, itace ya yi tsada, ga kuma matan coci sun sa ta gaba. Cikin 'ya'yanta ba wadda ta koya, duk sun ce aikin wahala ne da ƙauyanci. In ta kife tukwanen nan, ragowar da take ta juyawa daga wannan dahuwa zuwa waccan tun kafin a haife mu ta mutu ke nan, kuma ba a sayen irinta a kasuwa. Don Allah ka daure ka shiga gida ƙarshen watan nan. Ka kai mata sabulu da sukari da ɗan abin cefane, zan turo maka ta asusunka. Ka zauna da ita ka tambaye ta a hankali, kada ka je mata da fuskar ɗan boko: wace dawa take zaɓa, kwana nawa take barin tsiron, da me take gane tsamin ya kai kafin dahuwa ta biyu, a ina take ajiye ragowar, kuma tana ƙara garin rogo kamar yadda wasu ke yi ko ba ta ƙarawa. Ka ɗauki muryarta a waya in ta yarda. In ta tambaya me zan yi da shi, ka ce mata Turawa ne suka ji labarinta suke son koyo, ba ƙarya ka yi ba. Ka roƙe ta ta riƙa ɗora ko tukunya ɗaya ce lokaci-lokaci har in zo da kwalaben ɗaukar samfuri da takardun izini, ni zan ɗauki nauyin itacen.

Kuma ka ja bakinka a gaban Hannatu, ka san ta, kafin ka juya Mama ta ji.

Wai da gaske ne Yakubu ya sayar da babur ɗin nan ya shiga kiwon kaji? Wa ya ba shi wannan shawarar? Ka ba ni labari dalla-dalla. In ka samu mai zuwa ta nan, ka aiko mini da kilishi da daddawa, a naɗe daddawar da kyau don ta bara sai da ta sa duk jakar mutumin wari, har yau bai daina yi mini gori ba. Ka shafa mini kan Dauda, ka ce wa Maman Dauda ina gaisuwa ƙwarai, ta ci gaba da haƙuri da kai.

Naka,
Yohanna