Zuwa ga Sanusi, kan maganar Yaya Bello

Salamu alaikum Sanusi,

Wata huɗu shiru! Tun da ka samu wuri a Agege ka manta hanyar Sakkwato, ko amala ce ta raba ka da fura? Wai da gaske kana zuwa bikin Hajara?

Maganar Yaya Bello ce ta hana ni barci. Ka san ciwon nashi, jin muryoyi da cewa maƙwabta na binne mai asiri. Bayan babbar sallah abin ya tashi sosai, ya ɗauki dutse ya fasa gilashin motar wani a Mabera, 'yan sanda sunka tafi da shi, anka kai shi gaban majistare. Wallahi na ɗauka gidan yari za shi. Sai alƙalin ya saurari yadda yake magana, ya ba da umarni a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware likitoci su duba shi a fara magani, ni da Kawu munka sa hannu za mu tsaya mai.

Inna ta yi kuka, wai kotu ta kira ɗanta mahaukaci gaban jama'a. Kawu kuma so yake a kai shi wajen wani malami inda ake sa mari, na ce sam, ruƙiyya a yi mai ita a gida amma ba sarƙa, ko mun manta mutanen da anka fito da su ɗaure a Rigasa ta Kaduna a 2019? Ko doka ma ta sake, Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958.

Af, Ɗanjuma ya saida babur ya koma harkar albasa, ya ce in gaya maka bashin nan bai yafe ba.

Sati shida Yaya ya yi a asibitin, yanzu yana gida, yana barci, yana sallah cikin jam'i, allura sau ɗaya a wata. Da farko maganin ya sandarar mai da jiki har miyau na zuba, sai da sunka ƙara mai Artane, maganin da ke rage sandarewar. Abin da ke ci min rai shi ne umarnin alƙali bai biyo mu gida ba, kuɗin mota zuwa Kware da na magani da lallashi ranar da ya ce ya warke ba ya zuwa, duk a kanmu suke. Rannan kuma ya dube ni ya ce, "Duk kun yanke, wa ya tambaye ni?" Na rasa amsa Sanusi, don na san da ba a tilasta ba da yanzu yana kurkuku, amma maganar tashi gaskiya ce. Wata mai zuwa na ce shi zai yi wa likita bayani da bakinshi, ni in zauna gefe.

Ya tambaye ka sau biyu. Ka kira shi bayan magariba, lokacin ya fi sakewa, ku yi hirar ƙwallo kawai, kar ka tada zancen kotu.

Naka,
Aminu