A fassara mana gyaran tsarin mulki da Hausa kafin a kaɗa ƙuri'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni tsohon akawu ne. Na yi aiki a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma har na yi ritaya, yanzu ina zaune a cikin garin Bauchi. Kwanan baya muna hira a majalisarmu bayan La'asar, sai maganar gyaran kundin tsarin mulki ta taso. Wani ƙanena mai sayar da taki ya ce, "Yaya, wannan ai harkar 'yan Abuja ce, ina ruwan biri da gada?" Duk wurin aka gyaɗa kai. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin na san ba haka ba ne. Da na koma gida na ɗauko kwafin da na saya wurin mai littattafai a Kasuwar Wunti, wanda bangonsa ya riga ya yage, na buɗe sashe na 9.

Abin da sashen ya tanada shi ne, ba a taɓa ko harafi ɗaya na kundin sai kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa da kashi biyu bisa uku na Majalisar Wakilai sun amince. Wannan kowa ya sani. Abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne, maganar ba ta ƙarewa a Abuja. Sai an aiko da ƙudurin zuwa majalisun dokoki na jihohi, kuma sai 24 daga cikin 36 sun yarda. Idan abin ya shafi haƙƙin ɗan Adam na babi na huɗu, ko sashe na 8 mai maganar ƙirƙiro jihohi, ko shi kansa sashe na 9, to sai an sami kashi huɗu bisa biyar a majalisun tarayya. Ashe ɗan majalisar jihar da muke haɗuwa da shi wurin ɗaurin aure da ta'aziyya yana riƙe da wuƙa da nama a wannan aiki, mu kuwa ba mu taɓa tambayarsa ina ya jefa ƙuri'arsa ba.

Ga inda abin ya shafe ni. Sashe na 162 ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Na ga abin da wannan yake nufi da idona. Akwai wata shekara da iska ta kware rufin wata ƙaramar asibitin ƙauye tun farkon damina. Ni na rubuta takardar neman kuɗin kwano da katako da ƙusa. Fayil ɗin ya kwana a kan teburina wata da watanni, domin duk ƙarshen wata in an biya albashi ba abin da ke saura a hannunmu. Ungozomar wurin takan zo ofis da kanta, ta zauna a benci ta ce mini, "Malam, jiya da tocila da lema na karɓi haihuwa." Har yau in na tuna fuskarta kunya takan kama ni, alhali ba ni da ikon ko sisi.

A 2022 Majalisar Tarayya ta aika wa jihohi ƙudurori 44. Wasu sun tsallake, har Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan 16 a watan Maris na 2023, ciki har da waɗanda suka ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa. Amma na 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi bai sami jihohi 24 ba, a nan ya mutu. Sai a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma kada a ba kantomomin riƙo. Na yi murna da hukuncin, amma maganar asusun haɗin gwiwa tana nan rubuce a kundin. Jihar Bauchi tana da ƙananan hukumomi 20, Gombe tana da 11. Mutum nawa ne a cikinsu suka ji ranar da aka tattauna wannan ƙuduri?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a da an fi haka tuntuɓar jama'a. Kafin tsarin mulkin 1951 na Macpherson, gwamnan Najeriya a zamanin Turawa, an fara jin ra'ayi tun daga ƙauye da gunduma da lardi, har aka kai ga babban taron Ibadan na 1950, inda marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garinmu, yake cikin wakilan Arewa da suka tsaya kai da fata sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya. Na 1979 ma an yi majalisar tsara shi ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, aka yi muhawara mai zafi. Wanda muke amfani da shi yanzu kuwa, da dokar soja mai lamba 24 ta 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa shi. Ba na cikin masu cewa a yar da shi a sake sabo, domin a ƙarƙashinsa muka yi zaman farar hula mafi tsawo a tarihinmu. Amma tunda ba a tambaye mu ba ranar da aka rubuta shi, ya kamata a tambaye mu duk ranar da za a gyara shi.

Taron jin ra'ayi da ake yi a babban ɗakin otal, da Turanci, kwana ɗaya ko biyu, ba ya kai wa ga manomin Ningi ko mai saƙar tabarma a Jama'are. Shi kansa kundin, a sashe na 55, ya ambaci Hausa cikin harsunan da za a iya gudanar da aikin Majalisar Tarayya da su.

Don haka roƙona gare ka, Malam Edita, duk lokacin da aka aiko da ƙudurorin gyara zuwa jihohi, ku ware shafi ku fassara mana su ɗaya bayan ɗaya da Hausar da kowa zai gane, ku faɗi ranar da majalisunmu za su zauna a kai. Bayan an kaɗa ƙuri'a kuma ku buga mana matsayin da kowace majalisa ta ɗauka. Ni na yi alkawari zan sayi jaridar, in kai ta majalisarmu bayan La'asar, in karanta wa ƙanena da sauran jama'a da babbar murya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon akawun ƙaramar hukuma,
daga Bauchi