Lambun da Auta ta zaɓa

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya Malam, ya yara, ya ƙafar Goggo? Na san kin cika kin batse saboda wata uku ba ki ji ɗuriyata ba, amma ke ma ai wayarki ba ta faɗa rijiya ba. Ajiye fushin, labari ne a bakina: an sa ranar Auta, watan Yuni in Allah ya kai mu.

Ɗaurin aure a masallaci za a yi, wannan babanta ya riga ya yanke. Walima ce ta tayar da ƙura. Ni zauren taro na so, irin na bikin 'yar Hajiya Babba, ita kuwa ta kafe sai lambu, kuma lambun Kew, can yammacin Landan a bakin kogin Tems. Na ce to mu je in gani da idona.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa, a tsakiyar Janairu, sanyi har cikin ɓargo. Hunturun Jos da kike yi mini kuri da shi wasan yara ne. Da muka shiga gabana ya faɗi. Itatuwa sun kaɗe tas, ciyawa jiƙe, sama ta yi toka-toka, fure sai wasu 'yan farare ƙanana da suka leƙo daga ƙasa. Na ce a raina, a nan za a tara mini dangin miji? Wurin kuma faɗi, ya haura eka 300, tun 1759 ake rainonsa.

Auta ba ta ce komai ba, ta ja hannuna zuwa wani ƙaton ɗakin gilashi da ƙarfe da aka gama a 1848, siffarsa kamar an kifa jirgin ruwa. Muna buɗe ƙofa ɗumi ya buge ni, tabarauna ya yi hazo. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wallahi kamar ruwan farko na damina a tsakar gidanku na Tudun Wada. Ga ayaba, ga koko, ga kwakwar manja ta kusa taɓa rufi. Akwai wata tsohuwar shuka a tukunya da aka kawo daga Afirka ta Kudu tun 1775, ta tsufa har sai da aka tokare ta da ƙarafa, amma ganyenta shar. Na tsaya gabanta hawaye suka zubo, don Inna na tuna, da yadda ta so ganin auren yarinyar nan. Allah ya jiƙanta.

Ba a wannan ɗakin za a yi walimar ba. Wanda Auta ta ƙyalla ido a kai ya fi shi ƙanƙanta, da manyan tagogi, kuma asalinsa a fadar Bakingham aka gina shi kafin a dawo da shi nan a 1836. Kada ki faɗa wa Yaya wannan, don sai duk unguwa ta ji cewa a gidan sarauta muka yi biki.

Af, da gaske ne Ƙaramar ta koma ɗakinta? A bakin Baba Ƙarami na ji, kin san shi da ƙarin gishiri.

Abin da ke hana ni barci shi ne yawan jama'a. A gida wa yake ƙirga baƙi? A nan kujera kujera ake lissafi, wanda ba a rubuta sunansa ba babu wurinsa. Ta yaya zan dubi matar da muka yi shekara 20 muna zumunci in ce ba da ita ba? Ga batun abinci, sai na tambaya ko za a bar mu mu shigo da waina da dambun nama da zoɓo. Sai lokacin salla. Ranar da muka je, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna magariba ta yi, a Yuni kuwa sai bayan tara na dare, don haka a yi la'asar a nutse sannan a zauna, amma dole a ware wa mutane wurin alwala da shimfiɗa darduma.

Duk da haka zuciyata ta karkata can. Mun fito duhu na shigowa, Auta na nuna mini inda furannin wardi za su buɗe, fuskarta sai annuri.

Ki fara neman biza tun yanzu, ba na son jin wani uzuri. Lalle da turaren wuta da humra duk a wuyanki suke. Atamfar anko kuma kore muke so, amma ba irin koren da kika zaɓa mana a bikin Yaya ba.

Ki gaida Malam, ki shafa mini kan 'yan biyu.

Taki har kullum,
Maman Auta