Zuwa ga Auta, kan maganar kifayen nan in an ɗauke wuta

Assalamu alaikum Auta,

Da fatan kana lafiya, ya Hajiya da ƙafar tata, ya damina ya karatu. Dan Allah ka ce mata ta kwantar da hankalinta, mu dai nan Houston ta jihar Texas a Amurka lafiyarmu ƙalau ni da Abbansu da yaran duka, an dawo mana da wuta alhamdulillah. Rashin caji da rashin netwok ne ya sa kuka ji ni shiru, ba wani abu ba.

Guguwar da kuka gani a labarai sunanta Beryl, ta shigo ta bakin teku wajen Matagorda da asubahin Litinin 8 ga Yulin nan na 2024, iska ta dinga tuge bishiyoyi suna faɗawa kan wayoyin wuta, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka shiga duhu a yankin nan, wasu unguwannin har sun haura sati babu wuta, ga zafin da ya biyo baya mai ɗauke da gumi wanda ko fanka babu balle esi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu.

Toh na ga hoton tankin kifin da ka sa a falon Hajiya, ya yi kyau wallahi, kuma na ji daɗi da ka ce tana zama ta yi ta kallonsu bayan la'asar. Ka tambaye ni ya nawa kifayen suka yi a rashin wutar nan. Sun tsira dukansu, amma da aiki, shi ya sa na zauna na rubuto maka da tsawo, domin abin da ya same mu nan sau ɗaya a shekaru kai kullum ne a Kano, NEPA ba za ta yi maka sallama ba in za ta ɗauke.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai, ba yunwa ke kashe su ba kuma ba duhu ba, rashin iska ne. Kifi yana shaƙar oksijin ɗin da ke narke cikin ruwa, ita kuma ta saman ruwan take shiga, in saman yana motsi tana shiga da yawa, in ya kwanta luf sai ta yi ta raguwa. Ainihin aikin injin kumfar nan kenan, ba ado bane, motsa saman ruwan yake yi. Kuma ruwa mai ɗumi bai riƙe oksijin kamar mai sanyi, alhali a zafin ne jikin kifin ya fi buƙatarta, kaga a watan Afrilu da Kano ke kai digiri 40 abin zai fi sauri sosai. In ka ga sun taru a sama suna buɗe baki suna rufewa, ko marfin kumatunsu, inda suke numfashi, na bugawa da sauri, to lokaci ya fara ƙurewa kar ka jira a kawo wuta.

Ni abin da ya cece ni ɗan injin iska ne mai amfani da manyan batir guda biyu irin na tocila, da wani kuma mai USB da na jona a pawa bank, shi kuma pawa bank ɗin a mota muke cajinsa. Ba sa cin wuta ko kaɗan. In ma babu ko ɗaya, ka samu moɗa mai tsabta wadda sabulu bai taɓa ba, ka ɗebi ruwan tankin ka ɗaga hannu ka zuba shi daga sama kamar yadda mai shayi ke sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, ka yi ta yi na 'yan mintoci, ka huta kamar kwata ko rabin awa ka sake. Da gajiya kam, musamman da daddare, mu karɓa-karɓa muka yi da yaran kafin mu samo ƙarin batir dan shaguna duk an wawashe. In akwai ciyayi masu rai a ciki ka sani da dare su ma oksijin suke sha ba bayarwa ba.

Sai abinci. Kar ka ba su. Na san Hajiya da tausayi, za ta ga suna bin gilashi ta ce yunwa suke ji a watsa musu, ka lallaɓa ta ka yi mata bayani, babban kifi mai lafiya yana yin kwanaki har kusan sati bai ci ba kuma babu abin da zai same shi. In sun ci za su ƙara shan oksijin, su yi kashi, ragowar abincin ya ruɓe a ƙasa, duk wannan amoniya yake zama, ita kuwa guba ce tana ƙona musu kumatu.

Nan ne maganar filta ta shigo, kuma ita ce mutane da yawa ba su sani ba. Soson da ke cikin filta ba tace datti kawai yake ba, gidan wasu bakteriya ne masu amfani da ke cinye amoniyar su mayar da ita abin da bai kai ta cutarwa ba, kuma sai sun yi wata guda ko fiye kafin su kafu a sabon tanki irin naka. Su ma da oksijin suke rayuwa. In filtar rufaffiya ce ruwa ya tsaya a cikinta awanni da yawa sai su fara mutuwa, ruwan ciki ya lalace ya yi wari, ana kawo wuta kuma injin ya tashi da kansa ya juye wannan ruɓaɓɓen ruwan kan kifayen. Wata maƙwabciyarmu 'yar Meziko haka ya faru da ita, kifayenta sun jure duk kwanakin duhun, ranar da wuta ta dawo suka mutu, matar nan har kuka ta yi. Dan haka in rashin wutar ya yi tsawo ka zare filtar daga soket, ka ciro soson ka sa shi cikin tankin kusa da inda kumfa ke fita, ka zubar da ruwan da ya kwanta kafin ka sake kunnawa. Kuma kar ka taɓa wanke soson da ruwan famfo, da ruwan tankin za ka ɗauraye shi, kulorin yana kashe su. Mu nan sai mun ɗiga maganin kashe kulorin kafin mu ƙara ruwa, kai ma in na famfo ne haka, in na bohol ne da sauƙi amma ka bari zafinsa ya daidaita da na tankin tukun.

Zafi kuma, yawancin kifayen tanki na ƙasashen zafi sun fi son digiri 24 zuwa 27. Ni labule na saki na buɗe murfin tankin, da muka samu ƙanƙara na sa a gorar roba na rufe na bar ta tana yawo a sama. Kar a jefa ƙanƙara tsirara, kuma a sauke zafin a hankali, canjin farat ɗaya ya fi zafin kansa illa. Na sanyi mun gan shi a Fabrairun 2021 da sama da gidaje miliyan 4 suka rasa wuta a Texas cikin ƙanƙara, lokacin bargo muka naɗe tankin da shi muka bar 'yar kafar iska a sama, muna ɗumama ruwa a gas muna sawa a gora muna saka ta ciki. Ka riƙe wannan saboda hunturu, dararen Janairu a Kano suna iya saukar da ruwan ƙasa da yadda suke so.

Akwai wani abu da ya fi damuna da gidanmu. Ana ɗauke wuta fanka ta tsaya sauro ya taso, sai a ɗauko fiya-fiya ko a kunna maganin sauro na hayaƙi. Auta dan girman Allah banda falon nan. Magungunan ƙwari mugun dafi ne ga kifi ko ɗan kaɗan ne, kuma injin iskan iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Haka hayaƙin janareta, a ajiye shi can tsakar gida nesa da taga, wannan ma ba dan kifi kaɗai ba, a satin nan mutane da dama aka kwasa asibiti a garin nan saboda shi wasu ma sun rasu.

Shawarata ka tsara tankin tun farko kamar babu NEPA a duniya. Ka nemi filtar soso wadda injin iska ke tafiyar da ita, kaga inji ɗaya mai USB ya yi maka aiki biyu, ka haɗa shi da pawa bank ko solar da ke cajin wayoyinku. Ka ɗora injin sama da tankin, in yana ƙasa ya mutu ruwa na iya biyo tiyo ya tsiyaye a ƙasa. Sannan ka rage yawansu, na ƙirga a hoton sun yi yawa wa wannan girman, mai sayarwa ba zai faɗa maka ba shi ciniki yake. Masu ruwan gwal ɗin nan suna girma kuma kashinsu da yawa, gara ka mayar da wasu ka karɓi gurami, su suna iya hawowa sama su shaƙi iska kai tsaye, dabarar da tarwada ma take da ita shi ya sa take daɗewa a baho a kasuwa. Tunda mun raba su da inda Allah Ya ajiye su mun sa a gilashi, amanarsu tana wuyanmu, ba su da inda za su gudu.

Akwai mai zuwa Kano ƙarshen watan gobe in sha Allah, zan ba ta injin iska biyu da ma'aunin zafin ruwa da maganin kulorin, tare da man zafin Hajiya. Kafin nan ka turo min hoton filtar taka ta baya da faɗin tankin in gani ko za ta yi. Ka gaida Hajiya sosai ka ce zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko, ka gaida Baffa da su Inna da duk mutan gida, yaran suna gaishe ku.

Wassalam,
Yayarka